Wasan Ban-Sani-Ba

Saba'in da biyu aka ce wa Maman Anini, ita kuwa ta yi hamdala, har da ɗan murmushi. A iya saninta duk yaron da ya ci saba'in da biyu ya yi abin kai, sai a saya masa sabon takalmi. Matar da ke bayan tebur ba ta taya ta murmushin ba. Ta cire tabarau ta ajiye a kan takardu, ta haɗa hannuwa.

Matar nan kowa Likita yake ce mata, ko da yake ta gaji da faɗin cewa ita ba ta allura, ba ta rubuta magani, aikinta nazarin tunanin ɗan Adam ne. Makarantar su Anini ce ta turo su wurinta, don yarinyar ta kai aji uku karatu ya ƙi zama. Likita ta shiga da ita ɗaki, ta ba ta 'yan katakai masu ja da fari ta ce ta jera, ta nuna mata hotuna, ta yi ta mata tambayoyi tana duba agogo. Duk wannan hidima, abin da ta haifa shi ne saba'in da biyu.

"Mama, ba cikin ɗari ba ne," in ji Likita. "Ɗari shi ne tsakiya. Yawancin sa'anninta nan suke taruwa, kusa da ɗari."

"To ƙarshensa nawa ne?"

"Ba haka ake lissafa shi ba. Matsayi ne, yana nuna inda ta tsaya a cikin yara irinta."

Maman Anini ta gyaɗa kai, ba don ta gane ba. Ita tela ce, shagonta na ƙasan benen da suke haya, tsakanin mai gyaran waya da mai gyaran gashi. In awo ne ta san awo: ka ɗora tef a kafaɗa ka karanta, ka zagaya ƙugu ka karanta, tef yana da farko yana da ƙarshe. Awon da aka fara shi daga tsakiya kuwa, yau ta fara jin sa.

"Ke nan tana ƙasa," ta ce.

"Tana ƙasa sosai."

"To shi ke nan, sai a sa ta a ƙaramin aji."

Ƙaramin ajin nan shi ya kawo ta, ba komai ba. Wani ɗaki ne a ƙarshen barandar makaranta, yara ba su kai goma ba, malamai biyu, ba mai tsawa, ba mai sauri. Ta taɓa leƙawa ta taga ta ga malama ta durƙusa a gefen wani yaro tana bin harafi da yatsansa. Tun ranar ta sa wa ranta cewa nan ne wurin Anini.

"Ƙaramin aji sai wanda ya gaza saba'in," in ji Likita a hankali. "Ta wuce da biyu."

"Lafiyarta lau ke nan?"

"Ban ce ba."

"Ba ta da lafiya?"

"Wannan ma ban ce ba. Ba ciwo ba ne, Mama." Likita ta murza goshi. "Ba ni na kafa dokar ba. Kuma lambar ba a kafe take ba. Da wata rana aka gwada ta, tana iya samun sittin da takwas, tana iya samun saba'in da shida."

"To a gwada ta wata ranar mana."

"Sai bayan shekara. In aka maimaita da wuri, yaro ya riga ya saba da tambayoyin, makin ya hau na ƙarya."

Haka Maman Anini ta fito riƙe da hannun 'yarta, kanta a ɗaure tamau. An ce yarinyar ba ta da basirar zama a babban aji, an kuma ce basirarta ta yi wa ƙaramin aji yawa. Ta tsaya a bakin titi har fitilar tsallakawa ta ba da hannu ta ɗauke, ba ta motsa ba, sai da Anini ta ja ta.

Baban Anini direban bas ne, kuma mutum ne wanda in ya kama abu ɗaya ba ya sakin sa don a ba shi na biyu. Ya ji saba'in da biyu, ya rufe kunne. Kafin mako ya zagayo duk tashar ta san 'yarsa ta ci saba'in da biyu a gwajin ƙwaƙwalwa.

"Baban Anini, an ce ɗari ne tsakiya," in ji matarsa.

"Wa ya taɓa jin an fara ƙirga daga tsakiya? Ni da na yi makaranta ban taɓa ganin saba'in da idona ba, ga shi ina ci da ku. 'Yata ba ta shiga ajin kowa. Ki bar ta, girma ne, zai zo."

Girma ya zo, karatu bai biyo shi ba. Shekarar nan Maman Anini ta ji ta a ƙashinta. Ajin su Anini ya haura yara hamsin, malama ɗaya, kuma matar ba muguwa ba ce, hannu biyu gare ta kamar kowa. Anini ta koma bencin baya. Tana kwafe abin da ke allo tsaf, harafi bayan harafi, yadda ake kwafe zanen fure, in ka ce ta karanta sai ta yi tsuru-tsuru. Kullum da safe ciwon ciki, ranar da babu makaranta ciki lafiya lau. Ta cinye murafun biro ba adadi. Yarinyar da ake jin waƙarta tun daga matakala ta koma shigowa gida kamar baƙuwa. Abin yana yi wa uwar ciwo, irin ciwon da ba ta da wanda za ta kai wa ƙara.

Sai ta tuna tana da ƙane a jami'a. Yana shekara ta biyu a fannin koyarwa, amma tun makonsa na farko gidan ya sa masa Farfesa, shi kuwa bai taɓa cewa a daina ba. Ya zo ranar hutu da wando biyu a rage masa tsawo, kyauta kamar kullum, ta zaunar da shi a kan bencin kwastomomi.

"Farfesa, wai mece ce basira?"

Ya gyara zama. An taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi.

"Yaya, ai nan ne rigimar. Wasu masana sun ce aba ɗaya ce, ita ke tura komai, kamar yadda fedar kekenki ke juya allura da zare gaba ɗaya. Wanda ya iya lissafi, yawanci za ki ga ya iya magana. Wasu suka ce a'a, biyu ce: akwai wadda kike warware abin da ba ki taɓa gani ba da ita, akwai kuma wadda kika tara da koyo. Wasu kuma suka ce kala-kala ce, ta magana daban, ta lissafi daban, ta kiɗa, ta sarrafa jiki, ta zama da mutane."

"To wacce aka auna wa Anini?"

"Ya danganta da gwajin."

"Wa ke da gaskiya a cikinsu?"

"Ana kan bincike, Yaya."

"Ana kan bincike, amma an riga an ba 'yata lamba."

Farfesa ya sosa ƙeya. Ta ajiye almakashi ta dube shi.

"Yarinyar nan in mutum yana hawowa bene, tun bai ƙwanƙwasa ba za ta ce wane ne. In raina ya ɓaci, kafin ni kaina in sani ta zo ta kwanta a jikina. Wannan yana ciki?"

"A wata mahangar, yana ciki."

"Akwai ajinsa?"

"Babu."

"Miƙo wandon."

Ya tafi da wandunansa a rage, ya bar ta da basira ɗaya, da biyu, da kala-kala, ba ko ɗaya da za ta iya kai wa shugabar makaranta.

Dabarar kuwa ba daga jami'a ta zo ba, daga wata kwastoma ce. Matar ta zo awon riga, Maman Anini ta zagaya mata tef a ciki, sai ta ji cikin ya shige, ƙirji ya taso, fuska ta yi jawur don riƙe numfashi. Abin da take gani kullum ne. Ta ce, "Saki cikinki, 'yar uwa, ke za ki sa rigar." Matar ta saki, tef ya ƙaru da inci uku, suka yi dariya. Bayan ta fita Maman Anini ta zauna tana juya tef a hannu. In mutum yana iya haɗiye ciki a gaban tela, me zai hana a ɗan haɗiye basira a gaban Likita? Ba da yawa ba. Uku kawai take nema.

Ta san ba abin kirki ba ne. Ta kwana biyu tana jin kunyar kanta, tana kallon yarinyar da ta yi shekaru tana roƙo ta gane, yau ga ta tana shirin koya mata rashin ganewa. Amma shekara ta kusa cika, makaranta ta ba da ranar sake gwaji, kuma da safen nan ma Anini ta riƙe ciki a bakin ƙofa tana hawaye ba sauti. Ba ta gaya wa mijin ba. Ba ta gaya wa Farfesa ba, don bakinsa ba ya riƙe ruwa.

Da yamma bayan an taso makaranta ta tura ƙofar shago, ta ɗora Anini a kan teburin yanka.

"Za mu yi wani wasa, ni da ke kaɗai. Sunansa ban-sani-ba. In na tambaye ki abu, ko kin sani, wani lokaci sai ki ce ba ki sani ba."

"Ƙarya ke nan, Mama?"

"Wasa ne."

"Wa ke cinyewa?"

"Ke. In kin iya, za ki koma ajin nan na ƙarshen baranda, mai labule shuɗi."

Anini ta shiga kaɗa ƙafa. Ta san ajin. Kowa ya san a can ba a kiran mutum gaban allo.

"To, mu fara. Yaya sunanki?"

"Ban sani ba."

"A'a, ba wannan ba. Wannan ki faɗa."

"Kin ce ko na sani."

"Na ce wani lokaci."

"Wane lokaci?"

Nan Maman Anini ta gane ta ɗauko abin da ya fi ta nauyi. Ashe faɗuwa da gangan ma sai mai wayo. Dole ka fara sanin amsar, sannan ka san wacce za ka saki, wacce za ka riƙe, kuma fuskarka kar ta tona ka. Ta gwada cewa duk tambaya ta uku. Anini ta shagala da ƙirga tambayoyi har ta daina jin abin da ake tambaya. Ta gwada cewa ta ƙirga goma a zuci kafin ta amsa, tunda Likita na duba agogo. Anini ta ƙirga a fili, da yatsu. Ta yanko 'yan ƙyallaye ja da fari a madadin katakai, ta jera su ta ce ta kwaikwaya amma ta karkata ɗaya. Anini ta karkata duka, ta ɗago tana jiran yabo.

Ga kuma wani tsoro. In ta faɗi da yawa fa? Maman Anini ta taɓa ji cewa masu ƙasa sosai wata makaranta ake tura su, can bayan gari, bas biyu. Ke nan ba faɗuwa kawai ake so ba, faɗuwa daidai gwargwado. Ita da ke rage riga da rabin inci ba ta kuskure, ta rasa yadda ake rage maki uku daga kan mutum.

A hankali dai wasan ya fara kama. Anini ta iya ɗan ɗaga ido sama, ta ciji leɓe, ta ce ban sani ba da murya mai ban tausayi. Ta iya har abin ya fara damun uwar.

"Me ya haɗa kare da kyanwa?" ta tambaye ta wata yamma, don Anini ta ce bara an yi mata irin wannan.

"Ban sani ba."

"Madalla. To yanzu ban da wasa, me ya haɗa su?"

Anini ta ɗaga ido sama, ta ciji leɓe. "Faɗa?"

"Dabbobi ne, Anini."

"Oho."

"Da kika ce ba ki sani ba, wasa kike ko da gaske?"

"Ban sani ba."

Maman Anini ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Ta rasa ko wannan ma cikin wasan ne. Ta rasa ko ta yi murna ko ta yi kuka, sai ta ce su tashi, mai gyaran gashi ya fara rufe shago.

Ranar gwaji ta yi mata kitso, ta sa mata rigar da ta ɗinka mata mai aljihu biyu. A bakin ofis ta durƙusa kamar za ta gyara mata igiyar takalmi, ta ce a kunnenta, "Kar ki manta wasanmu. Kaɗan-kaɗan." Likita ta buɗe ƙofa da fara'a, ta miƙa wa Anini hannu ta ce, "Kin yi tsawo." Ƙofa ta rufe.

Maman Anini ta zauna a kujerar roba tana kallon wata fanka da ke juyawa ba iska. Ta buɗe baki za ta yi addu'a, ta rasa ta inda za ta kama. Ta ce Allah ya ba 'yarta sa'a, sai ta tuna sa'ar yau faɗuwa ce. Ta ce Allah ya sa ta faɗi, sai tsigar jikinta ta tashi, wace irin uwa ce ke faɗin wannan? Daga ƙarshe ta ce Allah dai ya san abin da take nufi, ko da ita ba ta sani ba.

Bayan kwanaki aka kira su karɓar sakamako. Anini tana waje tana kallon kifaye a akwatin gilashi, uwar tana gaban tebur, tana tsoron kar a ce an gano.

"Sittin da shida," in ji Likita. "Ta samu gurbi a ƙaramin aji. Za ta fara mako mai zuwa."

Maman Anini ta sunkuyar da kai don kar a ga fuskarta. Uku ta nema, an ba ta shida, ba laifi, gara ya yi yawa kaɗan a kan ya gaza.

"Kar lambar ta tayar miki da hankali, Mama. Na gaya miki tana motsi. Saba'in da biyu na bara da sittin da shida na bana, yarinya ɗaya ce, ba wai ta ragu ba. Kuma akwai abubuwa da yawa a tare da ita da gwajin nan ba ya gani."

"Haka ne, Likita. Na gode."

Ta bar Likita tana lallashi, ita kuwa a ranta dariya take. Baiwar Allah, da duk karatunta, ba ta san lambar nan a teburin yanka aka ɗinka ta ba. Sittin da shida ta ofis ce. Ta gaske tana nan a gida, saba'in da biyu, wataƙila ma ta haura, tunda yarinyar da ta iya rufe idon Likita ai ba ƙaramin kai gare ta ba. Abin da za ta gaya wa Baban Anini ke nan in ya fara tayar da jijiyar wuya: kwantar da hankalinka, ni na rage da hannuna. Zai yi faɗa, ya gama, ya koma tasha da saba'in da biyunsa.

Suka fito titi. Rabon da ta ji jikinta sakayau haka har ta manta. Ta tsaya a wani kanti ta saya wa Anini alewa mai tsinke, babba, irin wadda kullum take hana ta don haƙori. Suka zauna a bencin jiran bas.

"Kin samu ajin, Anini. Mai labule shuɗi."

Anini ta riƙe alewar ba ta ɓare ba. Tana kallon takalminta.

"Ba ki murna?"

"Mama, kar ki yi fushi."

"Fushin me?"

"Ban yi wasan ba."

Wata bas ta tsaya, ba tasu ba ce, ta kwashi mutane ta wuce. Maman Anini ta juyo gaba ɗaya.

"Kamar yaya ba ki yi ba?"

"Da na shiga ina tunawa. Sai Likita ta ce in yi iya ƙoƙarina, ta ce ta san zan iya. Sai na ji ina so in iya." Ta juya alewar a hannu. "Ban ce ban sani ba sai wanda ban sani ba. Katakan ma na yi sauri sosai. Ban taɓa yin ƙoƙari kamar ranar ba, Mama. Tun ranar nake so in gaya miki."

Maman Anini ta jingina da bencin. Ta nemi abin da za ta riƙe a cikin duk maganganun da aka yi mata shekara guda, lamba mai motsi, basira ɗaya, basira kala-kala, ba wanda ya tsaya a hannunta. Abin da ta nema ta samu, kuma ba ta taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba.

Anini ta ɗago ido, a tsorace, amma da ɗan sa rai.

"Tunda na samu ajin, ke nan na ci, ko?"

Uwar ta karɓi alewar ta ɓare mata ledar a hankali, don hannunta ya samu abin yi. Ta miƙa mata.

"Kin ci," ta ce.